Alƙaluma Ba Su Magana Sai An Tambaye Su

A ranar 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Roni, a masarautar Kazaure, tana daga cikin 27 na Jihar Jigawa da hukuncin ya shafa. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya, amma tambayar da ya tayar tana nan: in kuɗi sun iso, wa zai karanta littafin shigarsu da fitarsu da idon basira?

Yaron Roni da ya tafi koyon aikin akanta, ko a Kazaure ko a Kano, zai fara ne da tsarin rubuta kowace shiga a gefe biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494 a birnin Banis na Italiya. Wannan tilas ne. Sai dai littafi yakan daidaita tsaf alhali labarin da ke cikinsa na yaudara.

A ɗauki misali. A ce kuɗin shigar wata kasuwa ya tashi daga naira 100 zuwa 120 cikin shekara guda. Mai gaggawa sai ya yi shelar ƙarin kashi 20 cikin 100. To amma a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. In aka raba 120 da 1.348, abin da zai fito bai wuce 89 ba. Ashe baya aka ci, da kimanin kashi 11.

Akwai kuma wata dabara mai ban mamaki. A 1881 Simon Newcomb ya lura, Frank Benford kuma ya tabbatar a 1938, cewa a tarin alƙaluma na haƙiƙa, lamba 1 ce kan zo a farko kusan sau 30 cikin 100, ita kuwa 9 ba ta kai sau 5 ba. Mai ƙaga rasit da ka bai cika sanin haka ba, sai ya barbaza lambobi kusan daidai wa daida. Masu binciken kuɗi na amfani da wannan wajen gano inda za su fara tono. Amma fa ba hujjar sata ba ce, kuma ba ta aiki a kan tikitin kasuwa mai farashi ɗaya. Ɗalibin da ya haddace dokar bai san iyakarta ba, zai iya shafa wa mai gaskiya kashin kaji.

Abu mafi wuya shi ne faɗa. Ƙaramin ma'aikaci ne zai tsaya gaban ma'aji ko shugaban ƙaramar hukuma, wataƙila sa'an mahaifinsa, ya ce 120 ɗin nan 89 ce. Shi ya sa ya kamata malamai, tun daga sakandare, su riƙa ba ɗalibi asusun ƙungiyar ajinsu ya riƙe, a ƙarshen zango ya miƙe ya karanta, 'yan'uwansa su yi masa tambayoyi, ya amsa da rasit a hannu.