Shin Ko Kun San? Sabuwar Manhaja, Tsohuwar Kwamfuta

Shin ko kun san ranar da kamfanin Microsoft ya saki Windows 11, wato 5 ga Oktoban 2021, ba mai iya sauke ta ta layin waya a Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi? Tun farkon Satumban shekarar aka datse layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, zamanin Gwamna Bello Matawalle. Gusau ce ta fara samun sabis, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Duniya na ta cece-kuce kan sabuwar manhaja, a nan kuwa kiran waya ma sai mutum ya niƙi gari.

Ko da sabis ɗin ya dawo, fayil ɗinta ya haura gigabait 5. Shi ya sa yawanci ba daga intanet take shigowa kwamfutocinmu ba, daga filashin mai gyara ne.

Shin ko kun san ba kowace kwamfuta Windows 11 ke yarda ta zauna a kai ba? Tana buƙatar RAM aƙalla gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, da wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Idan injin Intel ne, sai daga zubi na takwas zuwa sama, wato na wajen 2017 zuwa yau. To, a nan gizo ke saƙar. Kwamfutocin gwanjo da yawa da ake sarowa daga titin Beirut na Kano ko Computer Village ta Ikeja sun girmi wannan. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, zai iya sayen kwamfuta tsaf-tsaf da ita, ba ko ƙwarzane, amma sabuwar manhaja ta ce ba ta san zancen ba. Masu gyara suna da dabarar tsallake wannan shinge, kuma tana aiki, sai dai Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyare-gyare ba. Ni dai da zan saya, kafin in tambayi kuɗi zan tambayi zubin injin.

Windows 10 fa? Ta fito a Yulin 2015, an daina kula da ita kyauta ranar 14 ga Oktoban 2025. Ba mutuwa kwamfutar za ta yi ba. Facin tsaro ne ya daina zuwa, kamar gidan da aka bar gyara masa katanga.

Ko kun san wanda ya ɗaga kwamfutarsa daga 10 zuwa 11 yana da kwana 10 ya koma baya idan bai ji daɗi ba? Amma in an yi mata fomatin, wannan ƙofa ta rufe.

Shin ko kun san akwai babbar manhajar da za ku ɗana ba tare da kun taɓa komai a kwamfutarku ba? Ubuntu ke nan, ɗaya daga cikin dangin Linux ɗin da Linus Torvalds ya faro yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland a 1991. Ana zuba ta a filashi, a tayar da kwamfuta daga can, a gwada sauti da Wi-Fi da firinta, a zare, komai ya koma yadda yake. Kyauta ce. Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, shi ya ƙaddamar da ita a Oktoban 2004, kuma duk wata shida sabuwa ke fitowa. Lambarta ma kalanda ce: 24.04 ta fito a watan 4 na 2024. Irin wannan ta Afrilun shekara mai cika biyu-biyu ana kula da ita shekara 5, ita ce ta mai son kwanciyar hankali. Tsohuwar kwamfuta ta fi sakewa da ƙanwarta Lubuntu, wadda ba ta da nauyi. Amma mai shagon buga katin ɗaurin aure ya yi hattara, CorelDRAW ba ta hawa Linux kai tsaye.

Wayar Tecno ko Infinix ko itel da ke aljihunku, in dai Android ce, a kan Linux aka gina ta. Idan ta nemi sabuntawa, ku tabbatar da caji tukuna; mutuwar batir ana tsakiyar aiki na iya kai ta shagon gyara.

Shin ko kun san Windows na jin Hausa? Tun zamanin Vista Microsoft ya fitar da kunshin Hausa tare da na Yarbanci da Ibo, kuma har yanzu ana iya ƙara allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ a sashen harsuna.