Babur Mai Ƙananan Tayoyi a Kan Hanyar Birnin Gwari

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiya ce ta kimanin kilomita 120. Da zarar matafiyi ya wuce Buruku, sai daji ya yi masa rakiya hagu da dama, har ya kusanci Gandun Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1999. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi wannan hanya, kowa ƙoƙarinsa ya ratsa dajin da sauri. To amma ga mai hawan babur irin na Vespa ko Lifan, saurin nan kansa wani haɗari ne da ya kamata a fahimta.

Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fito da Vespa a 1946. Ma'anar sunan da Italiyanci ita ce zanzaro. An ƙera shi ne domin zirga-zirgar cikin gari: tayoyi ƙanana, inji a baya kusa da taya, da fili a tsakiya inda mahayi zai ajiye ƙafafunsa. Wannan fasali ne ya sa malaman makaranta da ma'aikata suka so shi, domin babbar riga ba ta hana hawansa. Sai dai abin da ya zama alheri a lungu yana iya zama matsala a babban titi.

Me ke hana babur faɗuwa?

An daɗe ana zaton cewa juyawar taya kaɗai ke riƙe babur a tsaye, kamar yadda katantanwar yara ke tsayawa muddin tana juyi. A 1970 wani masani ɗan Ingila, David Jones, ya haɗa wa keke wata taya mai juyawa ta baya domin ta soke wannan ƙarfi, amma duk da haka ya iya tuƙa shi. Babban sirrin yana ga tayar gaba. Idan babur ya karkata dama, kansa yakan juya dama, tayoyin su sake shiga ƙarƙashin nauyin, sai ya miƙe. Haka mutum ke yi idan ya ɗora sanda a tafin hannu yana bin ta don kada ta faɗi.

Mahayi ma yana da nasa aikin. A cikin kunnen ɗan Adam akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Duk lokacin da kai ya karkata, ruwan yakan motsa wasu siraran gashi, su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, ita kuma ta umarci hannuwa su gyara tuƙi. Gajiya da ƙishirwa da ƙwayoyin maye duk suna rage saurin wannan aiki.

Inda ƙaramar taya ke gazawa

Tayar Vespa mai inci 10 takan juya kusan sau 16 a daƙiƙa ɗaya idan ana gudun kilomita 80 a awa, alhali ta Boxer mai inci 17 kusan sau 12 take juyawa. Bambancin ya fi bayyana a bakin rami. Babbar taya takan haye ƙaramin rami, ƙarama kuwa sai ta nutse ciki, ta daki gefensa, dukan ya hau kai tsaye zuwa hannun mahayi.

Irin wannan duka yana iya tayar da abin da masu babur ke cewa kan babur ya ɗauki rawa, wato ya riƙa kaɗawa hagu da dama sau da yawa a daƙiƙa guda. Tun a 1971 masanin Ingila Robin Sharp ya bayyana wannan rawa da lissafi. Ƙarancin iska a taya, da kwancewar wuyan babur, da ɗora kaya a can baya suna ƙara ta. Tun da dama injin yana baya, idan aka ƙara buhun masara da goyo, sai tayar gaba ta yi sakayau, riƙonta ga kwalta ya ragu. Idan rawar ta tashi, mahayi ya sassauta mai a hankali, ya ɗan sunkuyo gaba, kada ya damƙe birkin gaba da ƙarfi.

Lissafin gudu

Ga wani lissafi da malamai za su iya yi da ɗalibai a allo. Idan aka ninka gudu daga kilomita 50 zuwa 100 a awa, turjiyar iska takan ninka sau huɗu, ƙarfin da inji ke bukata don keta ta kuwa sau takwas. Shi ya sa babur mai inji 125 ko 150 cc, ko da allurarsa tana iya kusantar 100, ba ya jure wannan gudu na tsawon awa ba tare da ya yi zafi ba. Tazarar da birki ke bukata ita ma sau huɗu take ninkawa.

Kafin birkin ma akwai jinkirin jiki. Tsakanin ganin haɗari da kama birki akan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko fiye. Mai gudun kilomita 50 zai ci mita 14 a wannan daƙiƙa, mai gudun 80 kuwa mita 22. A hanyar da saniya ko jan biri ke iya ɓullowa daga ciyawa, ga hazon hunturu, ga iskar tirela mai ture ƙaramin babur, waɗannan mita takwas su ne tsakanin tsira da karaya.

Saboda haka ne dokar hanya ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa babura kilomita 50 a awa, har a manyan hanyoyi. Binciken likitoci kuma ya nuna cewa hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin ɗari.

Duk mai niyyar wannan tafiya ya auna iskar tayoyinsa tun da safe kafin su ɗau zafi, ya ajiye kaya mai nauyi a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya ɗaure hularsa, ya kuma tashi da wuri yadda dare ba zai tilasta masa gudu ba. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.