Haƙƙin Kare Marar Ubangida

Ya ku malamai da attajiran Indabo da sauran ƙasar Wudil, akwai abin da ake sakaci da shi. Kare yakan yi wa mafarauci ko makiyayi aiki, idan ya tsufa a sake shi, ya koma yawon juji da kwata, yara na jifa.

Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa labarin matafiyin da ya ɗebo ruwan rijiya da huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. A mazhabarsa kuwa kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai ta'abbudi ne. Risala ta hana ajiye shi a gida sai don gona ko kiwo ko farauta, amma ba ta halatta barinsa da yunwa ba.

Sakacin nan kuma kan 'ya'yanmu yake komowa. Haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, da yawansu yara. Likitoci sun tabbatar idan aka yi wa kare 70 cikin 100 allura, cutar takan yanke. A Vom, kusa da Jos, ana yin maganin allurar.

To, mai unguwa ya killace fili a bayan gari, mahauta su ba da ƙasusuwa, attajirai su ɗauki nauyin kiran malamin dabbobi, manomi mai neman gadi ya zo ya karɓa. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya asibiti.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu.