Takardar Haihuwar 'Yarki

Uwargida, an yanka rago, an raɗa wa jaririya suna, to an yi mata rajistar haihuwa kuwa? Katin rigakafi daban, takardar haihuwa daban. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke ba da takardar, UNICEF, asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, na tallafa mata. Ita ce shaidar shekarun yarinya da sunan mahaifinta ranar shiga makaranta, neman fasfon Hajji ko rabon gado. Ko a gida kika haihu, ba sai kin fita ba: maigida ya je wurin ma'aikacin hukumar cikin kwana 60, kyauta ne. Ki lallaɓa shi yau. Allah ya raya mana zuri'a.