KO TARA SULALLAN TUNAWA NA ZAMANI YANA DA RIBA?

Tallace-tallacen sulallan tunawa sun daɗe da zama ruwan dare a jaridu da gidajen talabijin na ƙasashen Turai da Amurka, yanzu kuma ta hanyar intanet suna isowa ga 'yan kasuwa da ma'aikatan ƙasar nan. Sulallan tunawa dai su ne kuɗin ƙarfe da gwamnati kan ƙera domin tunawa da wani mashahurin mutum, ko wani biki, ko wani muhimmin al'amari na tarihi, kuma sau da yawa akan fito da su ne a jere, ɗaya na bin ɗaya har tsawon shekaru. Masu tallar kan nuna cewa duk wanda ya haɗa jerin ya cika, ya adana shi da kyau, wata rana zai sayar ya ci riba mai tsoka. To, amma tarihin wannan kasuwa cikin shekaru 60 da suka wuce ya nuna cewa akasarin waɗanda suka saya da wannan niyya ba su ga ribar ba, wasu ma ko uwar kuɗinsu ba ta dawo ba.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Tsohon kuɗi yana yin tsada ne saboda ƙarancinsa, ƙarancin kuwa yakan samu ne domin a zamanin da aka ƙera shi ba wanda ya damu da ya ajiye: an yi ta cefane da shi har ya goge, wani ya ɓace, wani maƙera sun narke. Shi kuwa kuɗin tunawa, tun ran da ya fito aka shaida wa kowa cewa abin ajiyewa ne. Saboda haka sai miliyoyin mutane su ajiye a lokaci guda, kowa da nasa sabo fil a akwati. Ran da suka tashi sayarwa sai su tarar masu sayarwa sun fi masu saye yawa nesa ba kusa ba.

Darasin Amurka da Ingila

Babban misali shi ne shirin kwatocin jihohi 50 na Amurka. Kwata ita ce kwandalar santi 25, wato kashi ɗaya cikin huɗu na dala. Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar shirin cikin watan Disamba na 1997, aka fara fito da su a 1999, aka kammala a 2008. Kowace shekara jihohi biyar ke samun tasu, bisa jerin yadda suka shiga tarayya, daga Delaware zuwa Hawaii. Hukumar ƙera kuɗin ƙarfe ta Amurka ta kiyasta cewa mutane kimanin miliyan 147 ne suka shiga tara su, kusan rabin al'ummar ƙasar ke nan a lokacin.

Adadin da aka ƙera ya haura miliyan dubu 34. Ta jihar Virginia kaɗai, wadda ta fito a shekarar 2000, ta wuce miliyan dubu ɗaya da rabi, kuma ko mafi ƙaranci a cikinsu, ta Oklahoma ta 2008, ta haura miliyan 400. Jikinsu jan ƙarfe ne da aka lulluɓe da gaurayen nikel, babu azurfa ko kaɗan. Wanda ya tsinto guda 50 daga canjin da ake ba shi a kanti, abin da ke hannunsa dala 12 ne da rabi, kuma da wuya dillali ya ba shi abin da ya wuce haka da wani abin kirki. Bugu da ƙari, daga 1999 zuwa 2024 farashin kayayyaki a Amurka ya kusan ninkawa, ma'ana kwatar da aka ajiye tun farkon shirin ta rasa kusan rabin abin da take iya saye. Wadda ta ci ribar shirin ita ce baitulmalin Amurka, domin kuɗin ƙera kwata ɗaya bai kai darajarta ba, kuma duk wadda aka ɓoye a gida tamkar rance ne mai ita ya bai wa gwamnati ba tare da wa'adin biya ba.

Ingila ta riga Amurka ganin irin wannan. Da Winston Churchill ya rasu a 1965, an ƙera babbar kwandala mai darajar sule 5 da hotonsa, guda miliyan 19 da dubu 640. A 1977 aka sake ƙera wata domin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan gadon sarauta, kimanin guda miliyan 37, sa'an nan ta auren Yarima Charles da Diana a 1981 ta haura miliyan 26. Da wuya a sami gidan da bai ajiye ɗaya daga cikinsu ba, kuma bayan duk waɗannan shekaru ana sayar da su fam ɗaya ko biyu a shagunan tsofaffin kaya.

Ko a nan Afirka ta Yamma akwai abin lura. Sarki Edward na Takwas ya yi murabus cikin Disamba na 1936 kafin kuɗin da ke ɗauke da hotonsa su shiga hannun jama'a a Ingila, amma an riga an fito da kwabo da ɗari da anini masu huda a tsakiya ɗauke da sunansa, an kawo su Nijeriya da sauran ƙasashen da Ingila ke mulka a wannan yanki. Mai jin wannan labari zai zaci dukiya ce. Sai dai an ƙera su da yawan gaske, masu tarawa kuma sun ajiye da yawa, don haka har yau ba su da tsada. Haka nan takardar Naira 50 ta cikar ƙasar nan shekara 50 da samun mulkin kai a 2010, da ta Naira 100 ta cika shekara 100 da haɗe Kudu da Arewa a 2014, wanda ya ɓoye su tun fitowarsu ya san abin da hauhawar farashi ta yi musu.

Waɗanda suka yi tsada

Ba za a ce babu waɗanda suka yi tsada ba, kuma da su ne masu talla ke kafa hujja. A 2009 kamfanin Royal Mint na Ingila ya fito da kwandalar kwabo 50 ta cikar lambun Kew shekara 250, guda dubu 210 kacal. Shekaru biyar tana yawo a aljihun mutane ba wanda ya kula, sai a 2014 da aka sanar cewa ita ce mafi ƙaranci, farashinta ya yi tashin gwauron zabo har ya haura fam 100. Ƙasar Monaco ta ƙera kwandalar Yuro 2 a 2007 domin cika shekara 25 da rasuwar Gimbiya Grace Kelly, guda 20,001, kuma an sha sayar da ita fiye da Yuro 2,000. A Amurka, kwandalar zinari ta dala 5 da aka yi a 1997 domin tunawa da ɗan wasa Jackie Robinson ba ta sami kasuwa ba da ta fito, nau'i ɗaya daga cikinta guda 5,174 kawai aka saya. Wannan rashin kasuwa ne ya mayar da ita abin nema daga baya, har ta kai dubban daloli. Cikin kwatocin jihohin ma, wasu na Wisconsin na 2004 sun fito da kuskuren ƙarin ganye a jikin masarar da aka zana, masu kyau daga cikinsu sun kai ɗaruruwan daloli.

Idan aka duba waɗannan misalai da kyau za a ga abu ɗaya ya haɗa su. Ko dai tun asali kaɗan aka ƙera, ko kuskure aka yi, ko kuma jama'a sun yi watsi da su a lokacin da suka fito. Kusan dukkansu sai daga baya aka gane darajarsu. Mai sayen jeri sukutum domin ya dace da irin waɗannan yana biyan kuɗin kwandala 50 ne da fatan ɗaya za ta fanshe sauran.

Sa'an nan tsadar ma ba ta da tabbas. Kunshin sulallan azurfa na musamman na 1999, wanda ya ƙunshi kwatocin jihohi biyar na farko, hukumar Amurka ta sayar da shi kimanin dala 32. Lokacin da zazzaɓin tarawa ya yi zafi ya haura dala 300, amma da shirin ya ƙare, sha'awa ta lafa, sai ya faɗo ƙasa da rabin haka. Wanda ya saya tun farko ya sami riba, wanda ya biyo ayari a makare ya ɗauki hasara.

Ƙarfen da ke jiki

Akwai bambanci babba tsakanin sulallan jan ƙarfe da na azurfa ko zinari. Na azurfa da zinari suna da farashin da ba za su faɗi ƙasa da shi ba, wato kuɗin ƙarfen da ke jikinsu. Kakanninmu sun san wannan tun zamanin dalar Mariya Tarisa ta ƙasar Ostiriya, wadda fatake ke ciniki da ita a Kano da Barno cikin ƙarni na 19. Duk da cewa an ci gaba da ƙera ta shekara da shekaru ɗauke da shekarar 1780, darajarta ta azurfar da ke jikinta ce, nauyinta kimanin giram 28.

Kwandalar zinari ta dala 5 irin ta tunawa a Amurka tana ɗauke da kusan rubu'in oza na zinari. A 1999 oza ɗaya ta faɗi zuwa wajen dala 250, a 2020 ta haura dala 2,000, a watan Oktoba na 2025 kuma ta wuce dala 4,000. Babu shakka wanda ya ajiye irin waɗannan ya sami riba, amma ribar ta zinari ce. Da ya sayi zinari zalla da wannan kuɗi, da ya sami nauyin da ya fi haka, domin farashin kwandalar tunawa ya haɗa da kuɗin ado da akwati da talla, da kuma wani ƙari da doka ta ɗora domin ƙungiyar da ake tallafa wa, galibi dala 35 a kan ta zinari, dala 10 a kan ta azurfa. Yawan fito da irin waɗannan sulalla ya kai ga masu saye suka gaji, har majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1996 ta taƙaita su zuwa shiri biyu a shekara.

Shi kansa ƙarfen yana da nasa haɗari. Azurfa ta kai kusan dala 50 kowace oza a watan Janairu na 1980, ta rushe cikin watan Maris na shekarar, kuma sai a 2011 ta sake kusantar wannan matsayi. Wanda ya saya a ƙololuwa ya yi jiran shekara 31.

Ranar sayarwa

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne ratar da ke tsakanin farashin da dillali ke sayarwa da wanda yake saye. Farashin da ake gani a littattafan masu tarawa na sayarwa ne, dillali kuwa sai ya rage sosai kafin ya karɓa, gidan gwanjo kuma yana da tasa la'ada. Manyan farashi na kwandalolin da aka tantance ne. Kamfanoni irin su PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC na 1987, su ke duba lafiyar kwandala su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta a cikin roba. Kuɗin wannan aiki sau da yawa ya fi darajar kwandalar zamani, kuma ɗan ƙarce ko goge ta da aka yi da nufin ta yi ƙyalli ya isa ya zubar da farashinta.

Rubutun darajar da ke jikin kwandala ma bai isa abin dogaro ba. A Ingila bankuna da shaguna ba tilas ba ne su karɓi manyan kwandalolin tunawa. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da kan ƙera sulalla da sunan ƙasashe kamar Laberiya ko tsibirin Niue, waɗanda ba a cefane da su ko a can, an yi su ne kawai domin masu tarawa. Wasu ma ruwan zinari aka shafa musu, nauyinsa bai taka kara ya karya ba.

Ga mai saye daga Nijeriya, nauyin ya ƙaru. Da kuɗin waje zai biya, ya ɗora kuɗin aikowa, sa'an nan ranar sayarwa masu sayen suna London ko New York. Idan ya kai ta kasuwar 'yan zinari a Kano ko Legas, sikeli za a ɗora ta, a gwada ingancin ƙarfen, a biya shi kuɗin nauyi. Ba wanda zai ƙara masa ko kwabo saboda hoton da ke jiki ko takardar shaidar da ta zo da ita. Gaskiya ne faɗuwar darajar Naira, musamman tun daga watan Yuni na 2023, takan sa duk abin da aka saya da dala ya yi kamar ya yi riba, amma wannan ribar canji ce, da dalar kanta aka ajiye ma da an same ta. Ga kuma jabu, waɗanda suka yi yawa a kasuwannin intanet, inda saye ba tare da gani ba ya zama cinikin biri a sama.

Saboda haka, kafin mutum ya sa kuɗinsa, ya kamata ya binciki adadin da aka ƙera daga bakin hukumar da ta ƙera, ya lissafa kuɗin azurfa ko zinarin da ke jiki a farashin ranar, ya cire daga abin da ake nema a hannunsa. Abin da ya rage shi ne kuɗin da yake iya rasawa. Ya kuma tambayi dillalin nawa zai biya idan aka mayar masa da kwandalar washegari, domin amsar ita ce ainihin darajarta.

Tara sulalla sha'awa ce mai kyau, tana koya wa yara da manya tarihi da sanin ƙasashe, kuma wanda ya yi ta da rarar kuɗinsa bai yi laifi ba. Amma kuɗin makarantar yara, ko na fansho, ko jarin shago, bai kamata a zuba su a jerin da miliyoyin mutane ke ajiye da irinsa ba. Mai neman wurin adana dukiya a ƙarfe, ya sayi ƙarfen da nauyi daga hannun wanda ya amince da shi.