Kayan Baƙon da Ya Rasu a Ɗakin Haya



Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Birnin Ƙonni ta ratsa Dogon Dutsi, kuma ba ta gajiya da sauke baƙi: ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki, ɗan tireda, ɗan cirani da ya kama ɗaki kusa da tasha. Haka abin yake a Tibiri da Kore Mai Ruwa. In ajali ya riski irin wannan bawan Allah, mutanen wannan yanki na Arewa ba sa barin gawa ta wulaƙanta. A yi wanka, a yi salla, a kai shi makwancinsa. Sai a dawo a tarar da katifa, akwati, salula, wataƙila da babur, babu ɗan uwa ko ɗaya a gari.

Nan ake yawan kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Wani ya ce a raba tufafin sadaka, lada ya kai masa. Mai gida ya ce yana bin kuɗin haya, bari ya riƙe babur. Duka sun yi gaggawa. A mazhabar Malikiyya, kuɗin likkafani da binnewa ake fara fiddawa, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan magada. Kuɗin haya bashi ne, za a biya, amma ba mai gida zai yanka wa kansa ba. Rigar da aka yi kyautarta kuwa, ta yiwu haƙƙin maraya ce da ke zaune a Matankari, ko a Kangiwa ta tsallaken iyaka, bai ma ji rasuwar ba.

Kafin a taɓa ko allura, a kira mai unguwa da liman da shaidu biyu, a rubuta komai, a kulle ɗaki. A je ma'aikatar magajin gari a yi takardar rasuwa. A bi lambobin da ke cikin salular ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa nan dangi suke ɓullowa.

Dokar tsarin kotunan Nijar ta shekarar 2018 ta bar alƙali ya yi aiki da al'adar mutane a batun gado. In dangi sun zo, su zauna su zaɓi wakili, alƙali ya tabbatar da shi, sannan a danƙa masa kaya a gaban shaidun da suka rubuta su. In bincike ya ƙare babu magaji, fiƙihu ya ce dukiyar ta baitulmali ce. Mai gida sai ya ɗauki takardar lissafin nan ya kai gaban alƙali.