Tushen Ilimin Sinadarai ga Ɗaliban Kimiyyar Halittu

Gabatarwa

Malamin kimiyyar halittu a babbar sakandare yakan soma koyar da numfashi da narkewar abinci alhali ɗalibansa ba su naƙalci ƙwayar zarra ba. Sakamakon haka sai su haddace darasi ba tare da fahimta ba. A wannan maƙala mun kawo matakai uku da muke ganin ya wajaba manhaja ta gabatar da su tun farko.

Ƙwayar Zarra

An san sinadarai na asali guda 118, amma huɗu daga cikinsu, wato oksijin da kabon da haidurojin da naitirojin, su ne kimanin kashi 96 cikin 100 na nauyin jikin ɗan Adam. John Dalton ya wallafa ra'insa na ƙwayar zarra a 1808, sannan Ernest Rutherford ya nuna a 1911 cewa tana da cibiya. A cibiyar akwai furoton da niyutiron, ilaktiron kuma suna kewaye da ita. Adadin furoton ne ke bambanta sinadarai: haidurojin yana da 1, kabon 6, oksijin 8.

Ɗauri

Ilaktiron na zagayen waje su ne ke ƙulla ƙwayoyin zarra. A ɗaurin tarayya, ƙwayoyi biyu suna tarayya a kan ilaktiron, kamar yadda oksijin ɗaya ke riƙe da haidurojin biyu a cikin ruwa. Kabon yana iya ƙulla irin wannan ɗauri har huɗu, shi ya sa yake zama ƙashin bayan sukari da maiƙo da furotin. A ɗaurin bayarwa kuwa, sodiyam yana miƙa wa kulorin ilaktiron ɗaya, sai cajinsu mabambanta ya jawo juna, a sami gishiri. Akwai kuma ɗaurin haidurojin. Mai rauni ne, amma shi ke riƙe da zarurruka biyu na DNA, kuma rauninsa ne ke ba su damar rabuwa lokacin kwafi.

Sauyin Sinadarai

A yayin sauyi, tsofaffin ɗauri suna warwarewa, sababbi suna ƙulluwa, ba tare da ƙwayar zarra ko ɗaya ta ɓace ba. A numfashi, molekul 1 na gulukos yana haɗuwa da 6 na oksijin, a sami 6 na kabon dayoksaid da 6 na ruwa tare da kuzari. Ɗalibin da ya ƙirga kabon shida a kowane ɓangare ya fahimci darasin. Inzayim suna hanzarta sauyi ba tare da sun ƙare ba. Misali, amiles na cikin yawu yana farfasa sitacin tuwo.

Shawarwari

Muna ba da shawarar a koyar da matakan nan a jere kafin darasin ƙwayar halitta. Ko da babu ɗakin gwaji, malami zai iya zuba ruwan kanwa a cikin zoɓo, ɗalibai su ga launinsa ya rine, sa'annan ya ƙara ruwan lemon tsami, jan ya dawo. Haka nan, kalmar "sinadari" tana ɗaukar ma'anoni da yawa a bakin jama'a. Don haka ya kamata masu tsara manhaja su tsayar da "sinadari na asali" ga irin su kabon, da "haɗaɗɗen sinadari" ga irin su ruwa, kuma littattafai da jarrabawa su bi tafarki guda.